Abin da Mai Gadi Ya Ji

Shekara ashirin da uku ina buɗe masa ƙofa.
Mushe Nomau, siriri kamar karan dawa,
tabarau ɗaure da zare,
kekensa na kuka tun daga Bagalam.
Ni ban shiga lakwal ba, gadi ne aikina,
amma wanda ke kwana da takubba
dole kunnensa ya yi kaifi.

A fadamar Gulbi abin ya kama shi, in ji shi.
Yana yaro, yana bin ubansa da hauya,
sai ƙarfe ya gai da ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa:
kan kibiya, tsatsa ta ci rabinta.
Ya ce, Baba, ta wa ce, wa ta sama?
Baba ya ce, jefar, rana na yi.
Bai jefar ba.
Ga ta can cikin gilashi, lamba ta ɗaya.

Ya yi soja shekara tara, bai harbi ko zomo ba.
Biro aka ba shi da bik,
ya ƙirga takalma, ya ƙirga harsashi,
har ranar da ya buɗe tsohuwar takardar wani kwamanda:
"An kashe kamar ɗari biyu."
Wannan "kamar" ita ta hana shi barci.
Ya ce mini, Hankurau, a cikin kamar ɗin nan
akwai mai ɗingishi, akwai bahago,
akwai wanda ake bin sa damin gero,
akwai wanda tuwonsa ya huce a akushi
ba a san ba zai dawo ba.

Sai ya tuɓe kaki, ya rataya rakoda.
Tsibiri, Jiratawa, Madarunfa, Gabi,
goro a aljihun dama, batir a na hagu,
yana durƙusa wa tsofaffi suna tauna magana.
Maroƙi ya ba shi sunan mai doki,
shi kuma ya ce, to, wa ya riƙe linzamin?

Da aka ba shi wannan gida, rufinsa na yoyo.
Gara ta yi sansani cikin lifidi,
sulke ya kama jan tsatsa kamar ya tuna jini.
Na gan shi da idona a daren wata damina
ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe garkuwa,
ya zauna da singileti yana rawar ɗari.
Kuɗin gyara daga Yamai, hadarin kaka,
a ga baƙi, a ji iska, ba ɗigo.
Wani dillali ya taya takobi da kuɗin mota,
ya ba shi shayi, ya raka shi bakin titi.

'Yan lakwal kan zo da ƙura a ƙafa:
Mushe, wa ya ci yaƙin?
Ya ce, ungulu.
Su yi dariya, shi bai yi ba,
sannan ya ba su shekarun da za su rubuta.

Ranar da ya aje aiki, bayan jawabi da lemo,
ya zo tabarmata da kaset guda, sabo.
Ya ce, kai fa, ina naka kakan yake a ranar?
Ba wanda ya taɓa tambaya.
Namu ba shi da doki, ba shi da kirari.
Yaro ne, a bakin rijiya aka ɗauke shi,
aka musanya shi da kantun gishiri biyu.
Abin da ya bar mana tsagen fuska ne
da kalma uku ta rarrashin jariri
a harshen da ba mu san na wa ba.
Na faɗe su. Murya ta ƙi, na sake.
Ya rubuta lamba, hannunsa na rawa.

Yanzu sabon shugaba da kwamfuta yake aiki.
Ni dai in dare ya raba, na kan bi da tocila,
in haska kibiyar, in haska kaset ɗin
a kanta guda, tafin hannu tsakaninsu,
in ja ƙofa, in koma tabarma.